Almakashi da Maɓallin Kwat ɗin Fasto

Ranar da maƙwabciyata ta haɗiye maɓalli a ofishin fasto, ina tsaye a bakin taga. Ba leƙe na je yi ba, inuwar wajen ce ta fi sanyi.

Tela ce, shagonta na jikin gidanmu. Almakashi muke ce mata, kuma ba don wanda ke kan teburinta ba. Ɗinki kam ta iya, da keken ɗinkinta ta goya 'ya'yanta har suka zama mutane. Amma in ka kai mata yadi, kafin ta gama auna ƙugunka ta auna asalinka. Ni ta taɓa ce min kafaɗuna kamar an rataye riga a ƙusa.

Ƙanwarta ce kaɗai ke iya zama da ita, tana yi mata kalmasa da guga. Sai wata rana mijin ƙanwar ya zo awon riga, Almakashi ta ce a gaban jama'a kunnuwansa sun isa a yi shanya a kai. Tun daga nan ƙanwar ta ɗauke ƙafa. Kujerarta na nan a shago, kullum Almakashi sai ta goge ta, kuma ba ta barin kowa ya zauna.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan harshe. Ya ce 'yar tsoka ce amma tana cinna wa gida wuta, doki ma sai da linzami ake juya shi, kuma bakin da ke yi wa Allah godiya bai kamata ya juya ya zagi halittarsa ba. Almakashi ta dawo gida ta ce ita ba ta da linzami, amma tana da maɓallai gwangwani guda. Da ta ji magana ta taso mata, sai ta jefa ɗaya a baki. Ƙaramin laifi, maɓallin riga. Babba, na kwat. In na zo wucewa kuwa, biyu take sawa tun kafin in yi gaisuwa.

Da fasto ya kira ta sulhu da ƙanwar da mijinta, sai ta zaɓi mafi girma, ta ɓalle shi daga kwat ɗinsa da ya kawo gyara. Ƙanwar ta zazzage duk abin da ke ranta. Almakashi na zaune, kumatu a kumbure, gumi na tsiyaya, ko uffan. Sulhu ya kusa nuna, sai zafi ya dami mijin ƙanwar, ya cire hula. Kunnuwa suka baje.

Almakashi ta dube su, ta haɗiye maganar, maɓalli ya bi bayanta.

Nan ta hau kakari. Ƙanwar ta zabura ta shiga dukan bayanta, dukan ceto ne amma da tsohon haushi a ciki, sai da fasto ya ce ya isa. Ta kawo mata ruwa. Maɓalli dai ciki ya wuce, ya bar baki a buɗe. Fasto ya rufe ido yana addu'a, mijin ya mayar da hularsa.

“Na gode, ƙanwata,” in ji Almakashi, murya a dishe. “Da ruwan, da dukan. Ki yafe min, kujerarki na jiranki.” Ta juya wajen mijin. “Kai ma ka yafe. Allah ne ya yi su, kuma ya yi su a wadace.”

Washegari na tarar da ƙanwar a kujerarta tana kalmasa. Na leƙa na ce wa Almakashi, Inna, ga Lahadi ta matso kuma kwat ɗin fasto a buɗe yake, yaushe za a mayar masa da kayansa?

Almakashi ta miƙa hannu cikin gwangwani, ta yi ɗan tunani, ta fasa.

“Ni maɓalli ɗaya ya ishe ni, ɗan nan. Naka bakin sai zif, kuma ba ni da mai tsawonsa.”