Faci Goma Sha Ɗaya

Motar da na gada tun Baba yana raye tsohuwar akori-kura ce. Buhunan wake nake ɗauka daga Gabi zuwa Ɗan Issa, ran kasuwa kuma in cika ta da mutane. Baba ya tuƙa ta shekaru, har yanar ido ta rufe masa gani ya miƙa mini makulli. Amma radiyate, wanda 'yan Katsina ke cewa lagireto, bai miƙa mini ba.

Na jan ƙarfe ne, da faci goma sha ɗaya a jikinsa, duk shi ya yi su da dalma. Kullum da hantsi sai ya laluba ya fito, in ɗaga masa kapo, murfin injin, ya bi facin nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. In ya ji laima, sai a hura gawayi. Ni ke riƙe ƙarfen liƙi, shi ke jan hannuna zuwa wurin. Yana hana ni zuba ruwan tafki, wai laka na toshe shi, sai na rijiya da aka tace da ƙyalle. Fasinja na jira a tasha, ni kuwa ina tsaye ina tace ruwa kamar mai dama kunu. Raina yakan ɓaci, ba na ɓoyewa.

Shekarar da aka karya darajar sefa, na ga wani radiyate na sanholo a hayin iyaka, fari fes, da hannu ɗaya ake ɗaga shi. Na sa aka ɗaura, na sayar da tsohon ga wani maƙeri. Ban shawarci kowa ba.

Washegari Baba ya fito yadda ya saba. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, bai tarar da facinsa ko ɗaya ba.

"Mi ka yi mata?" in ji shi.

"Sabo na sa, Baba. Wanga ba ya yoyo. Ka huta."

Ya ce to, Allah shi sa albarka. Ya koma zaure, kuma daga ranar bai sake fitowa wajen motar ba.

Gaskiya sanholon ya yi aiki. Ko cikin zafin bazara allurar zafin inji ba ta hawa. Amma kullum in na fita, sai in ga Baba a kan tabarma, hannuwansa bisa gwiwa, babu abin da ke jiransu. Na fara duba ƙarƙashin mota da safe ina fatan ganin ɗigo.

Bayan wata takwas dutse ya fasa sabon radiyaten a hanyar Sarkin Yamma. Ban taɓa murna da ɓarna irin ta ranar ba. Na kwance shi, na kai zaure, na hura gawayi da kaina.

"Baba, ga aiki ya samu."

Fuskarsa ta washe. Ya ɗora shi a cinya, ya lalubo tsagar, ya ƙwanƙwasa da farce. Sannan ya turo mini shi a hankali.

"Dalmata ba ta kama wanga, ɗana. Ina nawa?"

Na ruga wurin maƙerin. Ya nuna mini awarwaro jere a faranti, ya ce ragowar ke nan.

Da na dawo gawayin bai mutu ba. Baba ya riga ya ciro ƙarfen liƙinsa daga jaka, ya sa shi a wuta, yana jirana.