Shekarar da Baba Ya Ƙi Sayar da Kara

Duk kaka, da mun gama kwashe dawa, wani makiyayi da muke kira Baffa yakan kaɗo shanunsa gonarmu ta bakin fadama. Su ci kara, su bar mana taki, mu ba shi dami. Tun zamanin kakana haka ake yi, ba a taɓa zama an yi ciniki ba. Shi da Baba kuwa ba sa haɗuwa sai da tsiya: Baba ya kira shi mai gudun fartanya, shi ya kira Baba bawan tuwo.

Sai ga maganar dam, wato madatsar ruwa. Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa, kuma ƙishirwa ba a labari muka ji ta ba. Da bazara sai an jira rijiya ta tara, matata ta dawo da bokiti rabinsa laka. Ruwa kam kowa na so. Abin da ya ɗaga mana hankali shi ne inda za a tare shi.

Injiniyoyi suka zo ƙofar dagaci suka yi bayani. Wuri biyu suke dubawa. Idan aka tare rafin a ƙasa, ruwa zai zo kusa da gari, bututu ba zai yi tsawo ba, amma fadama za ta nutse, sai an biya diyya, ga sauro a ƙofar gida. Idan aka tare a sama, tsakanin duwatsu, ginin zai fi araha, babu gonar da za a taɓa. Sai dai ruwan zai cinye wuraren kiwo da burtali da itatuwan gawon da shanu ke dogaro da su da rani. A wancan dajin rugar Baffa take.

"To ina ribar ruwan, in babu abin da za a dafa da shi?" in ji wani manomi.

Baffa yana gefe, ya dogara da sandarsa. Injiniyoyin suka ce za su auna su dawo, suka shiga motarsu. Su aunawa ce, mu kuwa zaman ɗar-ɗar.

Ni ban ɓoye ba, na sama nake so. Gonar nan ita ta kai ni makaranta, ita ta yi mini aure. Da na faɗa a gida, Baba ya harare ni.

"Kai dai ka roƙi Allah ya zaɓa mafi alheri."

"Baba, ai alherin namu a bayyane yake."

"Alherinka a kan wuyan wa?"

Amma shi ma tsoro ya kama shi, na gani. Ya daina cinye tuwonsa. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya miƙe ya leƙa. Ya sayo dashen mangwaro ya kasa dasawa, har ya bushe a gindin randa. Abin da ya fi ba ni tausayi, in suka haɗu da Baffa a kasuwar Gwiwa, gaisuwa suke yi cikin ladabi kamar surukai. Tsiyar nan duk ta mutu.

Ana cikin damina labari ya zo: an zaɓi na sama. Na yi murna, har da hamdala a fili. Baba ya shige ɗaki.

Washegari Baffa ya yi sallama. Ya zauna a tabarma, ya ce, "Barka, Malam. Gona ta tsira."

Baba ya ce, "Ku fa? Ina za ku sa shanun?"

"Ƙasar Allah da faɗi," in ji Baffa, ya nuna arewa da haɓa. Kafin gero ya nuna sun tashi, aka ce sun bi ta Babura sun tsallaka Nijar.

Da kaka ta yi, masu sayen kara suka zo da amalanke, da farashi mai kyau. Na ce a sayar mu sayi takin zamani. Baba ya ce a bar shi a tsaye, yana da masu shi. Duk la'asar yakan je ya zauna a kan iyakar gonar, fuskarsa na kallon arewa. Haka karan ya tsaya har gara ta cinye shi.