Likkafanin da Ban Ɗinka Ba

A shekarun da ake fafutukar karɓar mulkin kai a ƙasar nan, ni tela ne mai ɗinkin hannu a Tamale, ina zaune a Dabokpa. Karatuna bai wuce na allo ba, sai ɗan boko da na tsinta da girmana, amma kowa ya san ni da tsari. In na idar da sallar asuba sai gaisuwa, bayan gaisuwa sai koko, bayan koko sai allura. Ba na cin bashin magana, ba na saɓa ranar da na sa wa mai riga. A lokacin ina ganin babu wanda ya kai ni sanin abin da yake yi da rayuwarsa. Na rubuto muku ne don masu karatu su ga inda wannan tunani ya kai ni.

Ƙofar farko a gaisuwata ta safe ita ce ta wani tsoho Badagombe, ɗan asalin garin, masaƙi. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka daga lori ban san kowa ba, ya ba ni ɗaki, daga baya ya kai ni gaban mai unguwa aka yanka mini filin da na gina nawa. Aikinmu a haɗe yake. Shi yana saƙa ƙyalle siriri mai faɗin tafin hannu, ni kuma ina haɗa su ɗaya bayan ɗaya su zama rigar da ake kira batakari. Kullum zan durƙusa in ce masa dasiba, wato ina kwana da yarensu, ya amsa da naa mai tsawo, sannan ya juya Hausarsa wadda ba ta bambanta mace da namiji ya fara tsokanata. Agogon unguwa yake ce mini. Yakan ce zakaransa ya daina cara tun da na tare, don ya ga an samu wanda ya fi shi. Ni Baba nake ce masa. Wata rana ya nuna mini farin ƙyallen da ya saƙa wa kansa ya naɗe a cikin tukunya, ya ce likkafaninsa ne, kuma ni zan haɗa shi, don ba ya son ya tsaya gaban Ubangijinsa da karkataccen ɗinki. Na yi dariya, amma na ce na ɗauki alkawari.

Sai siyasa ta shigo. Mu 'yan zango, wato baƙin da suka zo suka zauna a garin, muka karkata ga jam'iyya ɗaya, ɗan Baba kuma ya shiga ɗayar, har ya zana alamarta a bangon gidansu. Akwai majalisa da ke zama a ƙofar shagona bayan la'asar, jagoranta wani attajiri mai fataucin goro. Shi ya yanke cewa duk gidan da ke da wannan alama ba gaisuwa, ba ciniki, ba suna, ba biki. Da aka je wa Baba da maganar ya sa a goge alamar ko ya kori yaron, sai ya ce shi bai san kan ƙuri'a ba, amma ya san ɗansa, kuma bangon ƙasa ne, damina za ta goge musu ba sai sun wahala ba. Attajirin ya juyo gare ni a gaban mutane, ya tambaye ni ko ni ɗan zango ne ko kuwa Badagombe na zama saboda tuwon zafin da aka ciyar da ni. Aka kwashe da dariya. Wannan dariyar ce ta saye ni. Ban taɓa zama na tambayi kaina me na yarda da shi ba.

Na farko, na sauya hanyar gaisuwa, na riƙa bi ta bayan masallaci. Na biyu, na koma sayen ƙyalle a kasuwa. Na uku shi ne wanda har yau nake kasa faɗa da baki. Da babbar sallah, Baba ya aiko babbar 'yarsa da cinyar rago a cikin kwano kamar yadda ya saba kowace shekara. Ta iske majalisa a cike. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba ya ce a gaya wa agogo ko ya tsaya ne, ga nama ya ci ya samu ƙarfin tafiya. Idanu duka suka dawo kaina. Na ce ta mayar, gidana ba a bukata. Ba ta tashi nan take ba. Ta dube ni, ta kira ni yaya kamar yadda take kirana tun tana ƙarama, ta ce in sake faɗa don ta tabbata kunnenta ya ji daidai. Na sake faɗa. Ta ɗauki kwanon ta tafi. Matata ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mini magana ba sai abin da ya zama dole.

Zuciyata ba ta kwanta ba, amma maimakon in tashi in je, sai na yi abin da na iya, na tsara. Na ce bari zaɓe ya wuce. Zaɓe ya wuce, na ce bari ƙura ta lafa. Sai aka sa ranar mulkin kai, kowa yana son batakari, manya da ƙanana, har mutanen kudu suna aikowa. Na ce bari in gama ɗinkin mutane, don ni ba na saɓa alkawari. A cikin haka matata ta gaya mini Baba ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya tambaya ko allurata tana nan. Na ce mata zan je, amma komai da lokacinsa, in na miƙa rigunan da ke hannuna. Ta ce ciwo bai san tsarina ba. Na daka mata tsawa.

Ina cikin haɗa wuyan wata riga da hantsi na ji kuka daga wajen gidansu. Na ajiye allura na fita da gudu, ta hanyar da na daɗe ban bi ba. Alamar da ke bangon ta riga ta wanke, kamar yadda ya ce. A zaure na iske 'yarsa da tukunyar nan a gabanta. Na durƙusa na ce ta ba ni ƙyallen, alkawari ne tsakanina da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce Baba ya jira ni, duk wanda ya yi sallama sai ya ce a duba ko agogo ne, kuma har jiya ya ce kada a ba kowa ɗinkin sai ni. Amma ita ce ta ɗauko kwanon nan ta dawo da shi, ita ce ta ga fuskarsa da ya buɗe, don haka hannun da ya mayar da naman ubanta ba zai taɓa likkafaninsa ba, in zunubi ne ta ɗauka. Aka kai ƙyallen wurin wani mai keken ɗinki a bakin kasuwa.

A wurin jana'iza na tsaya a sahun baya. A sahun gaba kuwa ga attajirin nan, wanda tun da jam'iyyar ɗan Baba ta ci ya koma cikinta, yana riƙe da hannun yaron yana ba shi haƙuri. Da aka zo saka Baba a kabari na matsa kusa. Idon tela ba ya ƙarya. Ɗinkin ya karkace daga kafaɗa har ƙafa, ƙyalle ɗaya ya hau kan ɗaya, zare yana lilo. Haka aka rufe shi.

Yanzu na tsufa, ido ya hana ni zura zare. Abin da na gane shi ne, tsara lokaci daban, sanin abin da ka tsaya a kai daban. Na kiyaye alkawarin kowace riga, na karya wanda ya fi su duka, kuma ba don wata aƙida ba, don tsoron dariyar mutanen da ba su daɗe a kan maganarsu ba. Ina gargaɗin matasa, musamman masu ji da kansu irina: kafin ka juya wa mutum baya, ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka ko ra'ayinka ne ko na majalisa. In kuma akwai wanda ya kamata ka je ka durƙusa masa, kada ka sa shi a layi bayan aiki. 'Yarsa ta yafe mini bayan shekaru, har jikokinta suna ce mini kaka. Amma har yau, in na fito daga sallar asuba, ƙofar nan nake fara tsayawa, in ce dasiba a hankali, in jira kaɗan, sannan in wuce.