Gajimare a Kan Mama

Kwat ɗin mutumin ta sha guga. Yana tsaye bayan Briskila a shagon kwamfuta a Kafanchan, yana nuna mata hoto a allon kwamfuta da bakin makullin motarsa. Shi ne a hoton, ranar gama karatu, wata tsohuwa riƙe da hannunsa, yatsunta duk sun faffashe.

"Sista, ƙara gajimare a gefen nan. A ofis zan rataya."

Briskila tana ƙarawa, ranta yana tafasa. Zanin tsohuwar ya ɓace, murmushinta ya dushe. Hancinsa da na tsohuwar iri ɗaya ne. Ta tabbata noman cittar matar nan ne ya kai shi makaranta.

"Oga, saura hannun Mama. In na shafe, har da naka."

Ya daɗe yana kallon hannun.

"Shafe."