Hannun Auta da Hoton Taurari

Ƙanena mai aski ne. Furfura ta cinye masa kai, amma har yau Auta nake ce masa, kuma yana amsawa. Tun yana yaro yakan tafi yana kallon sama har ya faɗa kwata. Da ya girma ya cika bangon shagonsa da hotunan taurari da ya yanko daga kalanda, wai wata rana zai ɗauki nasa. Nakan ce ya fara ɗauke gashin da ke ƙasa tukuna.

Bara hannunsa na dama ya soma rawa. Bai gaya wa kowa ba, amma na ga shayi na zuba masa a riga, na ga ya daina taɓa reza, sai inji. Tsorona ɗaya ne. Babanmu, ranar da ya yarda hannunsa ya gama amfani, kwanciya ya yi, bai ƙara tashi ba. Auta kuwa halinsa ya ɗauko.

Da ya ce zai je sayen kayan hoto, na bi shi.

A kantin, idonsa ya kafe kan wani dogon madubin hangen nesa, fari sol. Abin da ya tara ba zai sayi wannan da kyamara tare ba. Mai kantin ya ciro wata kyamara ta hannu, duk gefenta ya goge.

"Baba, hoton tauraro ba ƙyas ba ne a gama," in ji shi. "Sai ta daɗe a buɗe tana shan haske. In ta motsa ko kaɗan, taurarin za su ja layi, tsutsotsi za ka gani. Riƙe ka ji nauyinta."

Auta ya karɓa. Ƙarfen igiyarta ya hau bugun gilashin tebur, ƙas-ƙas-ƙas. Na ji kamar in fizge in ce ni ce na girgiza teburin. Ya ajiye a hankali, ya cusa hannun a aljihu.

"Yaya, mu tafi."

"Ina? Ƙafata ta yi tsami a banza?" Na juya ga mai kantin. "Kai, samarin da ke saye, hannun dutse gare su?"

"Ai Mama, ba mai riƙe ta da hannu." Ya jawo wani ƙarfe mai ƙafa uku, mummuna, mai nauyin tsiya, da 'yar waya mai maɓalli. "Nan ake ɗora ta, a danna daga nesa. Kuɗinku zai kai waɗannan, in kun haƙura da madubin."

Auta ya daɗe yana kallon farin madubin nan.

"Ba aurensa za ka yi ba," na ce. "Ɗauki mummunan."

Da magariba ta wuce ya kafa abin a tsakar gida. Wayar na ta kaɗawa a hannunsa. Na kori jikoki, na kori mage, ni ma na ɗauke numfashi, ina jiran tsutsotsi.

Ya danna maɓallin, bayan ɗan lokaci ya duƙa ya duba hoton. Na ture shi na leƙa. Ɗigo-ɗigo ne, farare, kowanne a tsaye wurinsa.

Ya ɗaga hannun yana kallonsa.

"Yaya, gobe ki raka ni asibiti."

"Shagon fa?"

"In mun dawo zan buɗe."