Tabarma a Ƙofar Gidanmu na Wakrah

Har yau idan na tuna tabarmar nan sai haushi ya kama ni, kuma rabin haushin na kaina ne.

Mu goma sha ɗaya ne a gidan, a garin Wakrah na ƙasar Qatar, can bayan kasuwa, inda idan iska ta juyo sai ƙarnin kifi ya biyo ka har ɗaki. Tsohon gida ne mai tsakar gida, an yanyanka ɗakunan da katako. Yawancinmu 'yan Arewa ne, masu gadi da direbobi. Ni wani Balarabe nake tuƙawa da iyalinsa. Babbanmu kuwa wani dattijo ne daga Zangon Kumasi, kowa Baba yake ce masa. Aikinsa gyaran kifi a bakin ruwa, ya kankare, ya yanka, ya wanke. Ƙafarsa ta hagu ta daɗe da ciwo, ga ciwon suga, saboda haka zamansa a Qatar a kan abu ɗaya ya rataya: daga ƙofar gidanmu zuwa wurin aikinsa tafiyar ƙafa ce, yana yi yana hutawa. Ya sha faɗa mana shekara biyu kacal yake nema, autarsa ta gama makarantar aikin jinya, ya tattara ya koma gida.

Sai garin ya fara cika. Filin da ka wuce jiya ana shanya koma, yau an kewaye shi da kwano, gobe bene ne. Hukumar gari ta zauna ta sake tsarin unguwanni: nan na iyali, nan na kasuwanci, can na ma'aikata. Ni direba ne, ba zan ce gari ba ya bukatar tsari ba, don ni nake shan cunkoson. Amma da aka nuna mana taswirar a waya, muka ga unguwarmu ta faɗa cikin launin iyali, aka kuma ce gwauraye ba za su tare a gida ɗaya a nan ba, sai da raina ya ɓaci. Gwauro! Ni da matata da 'ya'ya huɗu a Gusau. Baba da jikoki. Duk gidan mutum biyu ne kawai ba su taɓa aure ba.

Muka yi taro a tsakar gida bayan Juma'a. Shawarar farko ta wani mai gadi ɗan Katsina ce, wai a je kamun ƙafa wurin mai unguwa. Kwana biyu bawan Allahn nan yana yawo cikin rana yana tambayar gidan mai unguwa, har wani mai kanti ɗan Indiya ya gaji da shi ya nuna masa taswirar dai da muka riga muka gani. Ya dawo yana cewa wai wane irin gari ne wannan da ba shi da wanda za a durƙusa wa.

Da muka sake zama, sai Baba ya kawo tasa dabarar.

"Tunda gidan iyali suke so," in ji shi, "sai mu zama gidan iyali, khalas. Wani cikinku shina da zane na mata?"

Aka samu. Wani ɗan Zariya ya ciro atamfa uku da ya saya wa matarsa tsaraba, aka shanya a igiyar saman bene inda mai wucewa zai hango. Shi kuma ɗan Katsinan ya samo fenti ya rangaɗa "Ba shiga" a jikin bango, da Hausa, a ƙasar da ba mai karanta ta sai mu. Duk wannan shirme ne kawai, bai cutar da kowa ba. Abin da ya kashe mu shi ne na ƙarshe.

"Kuma daga yau zaman ciki ya ƙare," in ji Baba. "A wane gida na mutunci kuka taɓa ganin ƙarti jibge a ciki da yamma? Gida da shina da mata, maza waje suke zama. A shimfiɗa tabarma a ƙofa."

Kowa ya gyaɗa kai, don a gida haka abin yake. Ko a Kano ko a Kumasi, ka ga maza a dakali suna hira, ka san akwai matan aure a ciki. Amma ni na san nan ba haka ba ne. Shekara shida ina shiga gidajen Larabawa. Ƙofa a rufe take ruf, majalisar maza a ciki take da sanyinta, ba mahalukin da ke zama a bakin titi. Kafin wannan rana ma abin da ya rufa mana asiri shi ne kowa da lokacin aikinsa, mai dare daban, mai rana daban, mu shiga sum-sum mu fita sum-sum, ba wanda ya san yawanmu.

Na buɗe baki. "Baba, ni dai a ganina..."

Ya juyo. "Direba, faɗi mana."

Idon mutum goma ya dawo kaina. Ga furfurarsa, ga yadda fuskarsa ta washe don ya samo mana mafita. Inda na tashi ba a gyara wa babba magana a gaban jama'a. Sai na ji bakina yana cewa, "A'a, ba komai, Baba. Allah ya sa mu dace."

Na ce a raina zan same shi shi kaɗai. Yau aiki, gobe gajiya, jibi na tarar da shi yana dariya a kan tabarmar, na kasa. Haka aka yi sati uku.

Kai, na ga abin takaici a satuttukan nan. Da an yi la'asar duk wanda ba ya aiki sai ya fito, zafi kamar a bakin murhu, gumi na zuba, ana dafa shayi, an jera takalman aiki a gefe kamar a ƙofar masallaci. Kuma ba shiru ake ba. Duk motar da ta wuce sai an ɗaga mata hannu, don Baba ya ce maƙwabta su san mu mutanen kirki ne. Matan layin suka daina bi ta gabanmu da ƙafa. Atamfofin nan uku kuwa ba wanda ya tuna ya sauya su, rana ta cinye su har suka koɗe. Wace mace ce za ta bar shanyarta sati uku?

Ranar wata Talata mu tara ne a tabarmar, har da ni, don ni ma kunya ta sa ina zama. Wata farar mota ta tsaya. Wani matashi ma'aikacin hukuma ya fito, ya yi sallama cikin ladabi. Baba ya miƙe da ƙyar, ya miƙa masa shayi, ya nuna saman bene yana cewa iyali, iyali, da ɗan Larabcinsa na bakin ruwa. Mutumin ya kalli atamfofin, ya kalli takalman, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ko ciki bai nemi shiga ba. Me zai shiga nema, mun fito masa da kanmu mun jeru?

Da yake na fi su jin Larabci, ni ya yi wa bayani. Ya ce unguwa-unguwa suke bi, kuma tsofaffin gidajen bayan kasuwa ba a ma zo kansu ba tukuna, da sauran lokaci mai tsawo. Amma maƙwabta sun kira sun ce maza suna taruwa kullum a bakin titi, kuma in an kira dole ya zo. Ya manna takarda a ƙofa, daidai gefen "Ba shiga", ya yi mana fatan alheri ya tafi.

"Mi ya ce?" in ji Baba.

Na ce an ba mu lokaci mu tashi. Sauran na haɗiye.

Muka watse. Ni na samu gado a wani ɗaki a unguwar Najma. Baba kuwa kafilinsa, wato ubangidan da ke riƙe da takardun zamansa, ya mayar da shi gidajen ma'aikata can bayan gari. Sai an tsaya jiran bas a rana, sai an taka matakala mai tsawo, kuma bas ɗin ba ta san lokacin da kwale-kwale ke shigowa da kifi ba. Ƙafar ta kumbura. Ya fara makara, ya fara fashi. Bai rufa wata biyar ba aka ce ya shirya kayansa.

Ni na kai shi filin jirgi. Muna kan hanya, ya daɗe yana kallon sababbin benaye ta taga, sannan ya ce, "Direba, ranar nan ka so ka yi magana."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Ka san tabarma ba zai yi ba."

"Na sani."

"To don mi ka yi shiru?"

Na riƙe sitiyari kamar zai gudu. Na ce, "Kunyarka na ji, Baba."

Ya kalli ƙafarsa da ke naɗe da bandeji. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kunya," ya ce. "Ɗana, da ka zage ni ranar, wallahi da na gode maka."

A lokacin autar tasa saura mata shekara ɗaya da rabi ta gama.