Sauron Gwamnati a Ɗakina

Furojek ɗina na shekarar ƙarshe sauro ne. Eh, sauro. Na je Gada Biyu da ludayi ina kwasar tsutsotsinsu a kwatami, masu acaɓa na ta yi min dariya, na raine su a keji mai raga har suka yi fuka-fuki. Abin da muke nema wata ƙwayar bakteriya ce da ke zama a cikin sauro, wadda ake sa ran za ta hana ƙwayar maleriya girma a jikinsa. Sai hutu ya zo, aka rufe lab, ga sanyin Jos. Oga sufabaiza ya ce, "Idan suka mutu, sai baɗi." Shap-shap na kinkimi keji zuwa ɗakin da nake haya a Nasarawa Gwom.

Matsalar ita ce Mami, mai gidanmu, Inyamura mai shagon kayan masarufi. Kullum da yamma sai ta bi ɗaki-ɗaki da fiya-fiya, ta fesa ta ja ƙofa, ko kana nan ko ba ka nan. Duk makullanmu na ɗaure a bakin zaninta.

Ta leƙo ta ga keji. "Ɗana, wannan mene?"

"Sauro ne, Mami."

"Kai kana kiwo sauro? Mutane na kiwo kaza!"

Ganin gwangwani a hannunta, bakina ya riga kaina. "Na gwamnati ne fa. Kowane ɗaya an san da shi."

Ta ja baya. Na ji daɗi, na ƙara gishiri: akwai ƙwaya mai daraja a cikinsu. Nan na kwafsa.

"Ƙwaya? In ya cije ni, zai shiga jikina?"

Wallahi a nan ban iya ƙarya ba. Na ce saurayen waje ma wasu na ɗauke da ita, ba ni na saka musu ba, amma ko tana da illa ga mutum, da abin da zai faru idan aka saki masu ita da yawa a gari, shi ake kan bincikawa.

"Wato ba ka sani."

"Tukuna dai."

"Hmm," in ji Mami. Wannan hmm ɗin ya hana ni sakewa.

Washegari na je Tina Junction gyaran waya, layi ya riƙe ni har yamma. Tun daga ƙofar gida na ji warin fiya-fiya. Na banka ɗakina, hayaƙi fal, keji babu. Na ce shi ke nan, digiri ya tafi, na shiga uku.

"Zo ka ɗauki kayanka!" Mami ce daga shago.

Ga keji a kan buhun garin kwaki, an naɗe shi da zannuwa an ɗaure da igiyar shanya kamar za a kai shi Onitsha. Na kasa kunne. Zuuu! Suna nan, 'yan albarka!

"Na gwamnati ba zai mutu a gidana," ta ce. "Kuma ba zai fita ya ciji jikoki na, sai ka sani."

Na rungume keji ina rawa har kwastomomi suka taru. Tun ranar ita ke fitar da su kafin feshi, ita ke duba ɗaurin raga. Da na kai su lab a raye, oga ya tambayi wa ya koya min rufi biyu, ga raga ga zani a kai. Na ce wata babbar jami'a ce a unguwarmu.

Zannuwan kuwa, ni na wanke.